Kabarin Soja da Bashin da Ke Kan Masu Rai

Iyalin da ya yi niyyar tashi daga Yangoji domin ya ga inda ƙasa take tunawa da sojojinta da suka kwanta dama, ba doguwar tafiya ce a gabansa ba. Mota za ta bi babbar hanyar Lokoja zuwa Abuja, ta wuce Kwali, garin Ladi Kwali maginiyar tukwane wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, ta ratsa Gwagwalada, ta karkata a mararrabar Giri ta hau hanyar filin jirgin sama. Bayan an wuce Lugbe, kafin a kai Ƙofar Birni, akwai Makabartar Sojoji ta Ƙasa a Karonmajigi. Wuri ne na soja, sai da izinin masu tsaronsa ake shiga. In aka ƙara gaba zuwa tsakiyar birni, daura da Dandalin Eagle, ga ginin tunawa da sojan da ba a san sunansa ba, inda Shugaban Ƙasa yake ajiye furanni kowace ranar 15 ga Janairu. Mutanen Yangoji da na ƙauyukan Kwali sun sha wuce waɗannan wurare biyu a kan hanyarsu ta zuwa asibiti ko ofis ko kasuwa, amma kaɗan ne suka taɓa cewa direba ya tsaya.

Wanda ya tsaya da yara a hannu kuwa, lalle ba zai rabu da tambaya ba. Littafin Joshuwa ya ba da labarin duwatsu goma sha biyu da aka kwaso daga Kogin Urdun aka kafa a Gilgal, dalilin kafa su kuwa shi ne domin yara su gani su yi tambaya, iyaye kuma su sami abin faɗa. Kowane dutsen tunawa haka aikinsa yake. Sai dai tambayar da yaro zai yi a Karonmajigi ta fi ta Gilgal wuyar amsawa, gama a Gilgal an haye kogi lafiya, a nan kuwa kowane dutse yana nufin akwai wanda ya fita bai komo ba. Me mai rai ya zo yi a nan? Wanda yake ƙarƙashin ƙasa ba ya jin busar ƙaho, ba ya ganin fure, ba ya kuwa sanin ko Shugaban Ƙasa ne ya sunkuya masa ko manomin doya.

Akwai masu bi da wannan al'amari yake damun lamirinsu, musamman waɗanda iyayensu suka bar miƙa wa kakanni hadaya suka shiga bangaskiya da wahala mai yawa. A ganinsu, sunkuyar da kai gaban dutse da ajiye masa fure ya yi kama da abin da aka baro. Damuwarsu ba ta banza ba ce, bai kuwa kamata a yi musu dariya ba. Amma bambancin a fili yake. Mai miƙa hadaya ga kakanni yana neman wani abu daga hannun matattu. Mai tsayawa gaban kabarin soja ya zo ne ya amsa cewa ya riga ya karɓi wani abu, wato barcin da ya yi a gidansa, da gonar da ya nome, da sujadar da ya yi ran Lahadi ba a kore shi ba, wani kuma ya biya kuɗin da ransa. Tsayawar nan amsa bashi ce. Abin da ya rage a bincika shi ne wa za a biya, tun da mai bashin ba ya nan.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata a dubi abin da duwatsun suke faɗa da abin da suka yi shiru a kai. Al'adar girmama sojan da ba a san sunansa ba ta samo tushe daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani limamin sojojin Ingila, Rabaran David Railton, ya ga wani kabari a Faransa a shekarar 1916, da ɗan gicciyen itace a kansa, an rubuta cewa ba a san sojan da yake kwance a ciki ba. Daga nan tunanin ya zo masa, har ranar 11 ga Nuwamba 1920 aka binne gawar wani soja marar suna a majami'ar Westminster da ke London, a tsakanin sarakuna. A wannan rana Faransa ma ta kai nata sojan Paris. Hikimar abin ita ce, kowace uwa da ba a kawo mata gawar ɗanta ba tana iya tsayawa a wurin ta ce mai yiwuwa nata ne.

Wannan rashin suna na jinƙai ne. Akwai kuma rashin suna na reni, shi ne ya sami 'yan Afirka da yawa. A watan Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta fitar da rahoton bincike, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu 'yan Afirka da mutanen Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, ko ma ba a yi musu wata alama sam. Rahoton ya nuna cewa wasu manyan jami'an mulkin mallaka na lokacin sun ɗauka baƙar fata ba zai gane darajar dutsen kabari ba. Gwamnatin Birtaniya ta nemi gafara a majalisa bayan kusan shekara ɗari. Mafi yawan waɗanda aka manta 'yan dako ne, masu ɗaukar abinci da harsashi a ka, waɗanda zazzaɓi da atuni da yunwa suka kashe fiye da bindiga. Saboda haka mai ziyara a Karonmajigi ya kamata ya nemi ginin tunawar da wannan hukuma ta kafa a cikin makabartar, mai ɗauke da sunayen 'yan Nijeriya na yaƙe-yaƙen duniya biyu, ya tsaya gaban siffofin tagulla biyu da aka kawo daga Legas, ɗaya soja da bindiga, ɗaya ɗan dako. Yaro ɗan ƙauye zai gane na biyun nan da nan, gama ya san yadda wuya yake tanƙwarewa a ƙarƙashin kaya.

Abin mamaki ne yadda ƙasa ta riƙe sunayen wuraren da aka yi yaƙi fiye da sunayen waɗanda suka yi shi. Barikin Mogadishu da ke Abuja yana tunawa da shigar sojojin Nijeriya wannan birni na Somaliya a 1941. Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Dodan a Legas, duk daga yaƙin Bama suka fito, inda Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka fafata da sojojin Japan a 1944 da 1945. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, samari kuwa daga Bauchi da Filato da Binuwai da kudancin Zariya aka kwashe su da yawa. Yau ɗan acaɓa yana kai fasinja Kalapanzin kullum, bai san sunan kogi ne a wata ƙasa inda wataƙila ƙanen kakansa yake kwance ba.

Ranar da aka zaɓa ma tana da nata nauyi. A dā Nijeriya tana yin wannan tunawa ran 11 ga Nuwamba tare da sauran ƙasashen Kwamanwel. Daga baya aka mai da ita 15 ga Janairu, domin a wannan rana ce ta 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan, yaƙin basasa na wata 30 ya ƙare. Amma a wannan rana ce kuma ta 1966 sojoji suka yi juyin mulki na farko, aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da Samuel Akintola, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari, da Birgediya Samuel Ademulegun, da Laftanar Kanar James Yakubu Pam. Ranar da wuta ta kama da ranar da ta mutu sun faɗo a kwanan wata ɗaya. Yaƙin nan kuwa na 'yan gida ɗaya ne. Waɗanda suka mutu a ɗaya gefen 'yan ƙasa ne su ma, fararen hula da yunwa ta kashe kuwa, yawancinsu yara, sun ninka sojojin da suka mutu sau da yawa. Uban da yake bayyana wa ɗansa ranar 15 ga Janairu, in ya faɗi rabin labarin ya bar rabi, ya koya masa fahariya a wurin da ya kamata ya koya masa tsoron yaƙi.

A nan ne mai ƙin zuwa irin wannan wuri yake da hujja mafi ƙarfi. Zai ce ginin tunawa yakan wanke yaƙi, ya sa masa fararen kaya. Zai ce kalmar nan ta sojan da ba a sani ba tana da wata ma'ana mai ɗaci a ƙasar nan, gama sa'ad da sojoji suka ƙone gidan mawaƙi Fela Kuti a Legas a watan Fabrairun 1977, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo daga tagar bene, binciken gwamnati cewa ya yi sojojin da ba a sani ba ne suka yi ɓarnar. Zai ambaci Asaba a 1967, da Odi a 1999, da Zariya a 2015, da Tudun Biri a jihar Kaduna inda jirgin soja marar matuƙi ya jefa wa masu Mauludi bam a watan Disamban 2023. Zai tambaya ina nasu dutsen.

Ba daidai ba ne a rufe masa baki da maganar kishin ƙasa. Abin da ya faru a Binuwai a watan Oktoban 2001 ya isa ya sa kowane mai zuwa jana'izar soja ya binciki zuciyarsa. An kama sojoji 19 aka yi musu kisan wulaƙanci, aka tsinci gawawwakinsu a Zaki Biam. An yi musu jana'izar ƙasa a Abuja, baƙin cikin kuwa na gaskiya ne, gama su ma 'ya'yan wasu ne, mazajen wasu ne. Amma a cikin wannan mako sojoji suka shiga Zaki Biam da ƙauyukan kewaye, suka kashe fararen hula fiye da ɗari, suka rushe gidaje. Sai a 2007 shugaban rundunar sojan ƙasa na lokacin ya nemi gafarar mutanen Binuwai. Hawayen da aka zubar a bakin kabari ba su bushe ba aka haƙa waɗansu kaburbura, waɗanda ba a busa musu ƙaho ba. Makoki yana iya haifar da jinƙai, yana kuma iya haifar da ramuwa, sau da yawa kuwa abin da aka faɗa a bakin kabarin ne yake nuna wanne za a haifa.

Duk da haka hujjar ba ta kai ga a ƙaurace wa makabartar ba. Laifin wanda ya ba da umarni marar kyau ba ya share jinin wanda ya tsaya a bakin aikinsa da aminci. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali yana kwance a Karonmajigi. An kashe shi a Malam Fatori ran 4 ga Nuwamba 2016 yana tare mayaƙan Boko Haram, waɗanda suka ƙone majami'u da masallatai ba tare da zaɓe ba. Tolulope Arotile tana nan, mace ta farko a Nijeriya da ta tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu, wadda ta rasu a Kaduna a watan Yulin 2020 tana da shekara 24. Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da mutum 10 da suka faɗi tare da shi a jirgin sama kusa da Kaduna ran 21 ga Mayu 2021 suna nan. Musulmi da Kirista ƙasa ɗaya ta rufe su. Mai bi daga Borno ko Adamawa wanda ya koma garinsu ya sake gina majami'a bayan gudun hijira, ya san cewa a cikin waɗanda suka buɗe masa hanyar komawa akwai masu salla da yawa da ba su ga ƙarshen aikin ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan gauraye ba. A 2 Sama'ila sura 23 an jera sunayen jarumawan Dawuda, jerin kuwa da sunan Uriya Bahitte ya ƙare, mutumin da sarkinsa ya aika wa Yowab wasiƙa a sa shi inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi. Marubucin bai cire sunan domin ya kare mutuncin sarki ba. Ya bar shi a wurin, duk mai karanta jerin girmamawar sai ya yi tuntuɓe da zunubin mai mulki. Ke nan tunawa ta gaskiya tana ba mai ziyara ikon yin tambaya: yaya wannan ya mutu, yana da kayan aiki ko babu, kuɗin da aka ware domin makamansa ina suka tafi? Wanda ya yi irin wannan tambaya bai ci mutuncin mamaci ba. Sau da yawa ita ce tambayar da matar mamacin take yi a ranta, ba ta da wanda za ta yi wa.

Wannan ya komo da magana kan bashin. Sa'ad da Saul da Jonatan suka mutu a Dutsen Gilbowa, Dawuda ya yi musu waƙar makoki, ya umarta a koya wa mutanen Yahuza. Wannan shi ne ajiye furensa. Amma a ranar da labarin mutuwar ya iso, akwai yaro ɗan shekara biyar, Mefiboshet ɗan Jonatan, wanda mai renonsa ta ɗauke shi a guje, ya faɗi ya gurgunce. Ana ta rera waƙar ubansa a ƙasar, shi kuwa yana zaune a gidan wani a Lodebar, har ya yi girma ya haifi ɗa. Sai bayan shekaru masu yawa Dawuda ya tambaya ko akwai wanda ya ragu a gidan Saul, aka nemo shi, aka mayar masa da gonakin kakansa, aka ba shi wurin zama a teburin sarki. Ana yawan yin wa'azi kan alherin Dawuda a wannan labari, daidai ne kuwa. Amma shekarun da yaron ya yi a Lodebar ba a cika ƙirga su ba. Waƙar ba ta ciyar da shi ko sau ɗaya ba.

Girmama mamaci yana da sauƙi domin mamaci ba ya roƙon kome. Ba ya bin kuɗin makaranta, ba ya zuwa ofis da takardu a cikin leda, ba ya tare ƙofar ma'aikata. A farkon watan Janairun 2025, 'yan kwanaki kafin bikin ajiye furanni, tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu, wurin kuwa ba shi da nisa da inda ake sakin fararen tattabaru. (Masu kallon talabijin za su tuna da 2021, sa'ad da aka buɗe kejin tattabarun suka ƙi tashi, mutane suka yi ta fassara abin yadda suka ga dama, tsuntsu dai bai san siyasa ba.) Gaskiya ne a wasu lokatai gwamnati takan yi abin kirki. Da aka binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a watan Maris 2024, Shugaba Bola Tinubu ya halarci jana'izar, ya ba su lambobin girma, ya yi alkawarin gidaje ga iyalansu da karatun 'ya'yansu. Sai dai wannan mutuwa ce da duk ƙasa ta ji labarinta. Kurtun da aka kashe a wani daji a Zamfara ko bakin Tafkin Chadi, wanda sunansa bai fito a jarida ba, matarsa takan sami labari ta waya, ta kuma san cewa ɗakin bariki na aikin ne, ba nata ba. Wata rana za ta kwashe yara da tukwane ta koma ƙauye, inda dangin miji wani lokaci sukan riga ta zuwa wurin rabon abin da aka biya.

Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka a 1964, takan sayar da ɗan bajon tunawa kowace shekara domin taimakon irin waɗannan iyalai, sayensa kuwa abu ne mai kyau. Amma bajo a ƙirji bai san sunan kowa ba. Ikkilisiya ta sani. Da wuya a sami majami'a a kewayen Abuja, daga Yangoji har Zuba, wadda ba ta da gwauruwar soja ko ta ɗan sanda, ko tsohon da ya yi yaƙin basasa, ko wanda ya je Laberiya da Saliyo a shekarun 1990 ya komo ba ya iya barci. Wasiƙar Yakubu ta sa kula da marayu da gwauraye a cikin ma'aunin addini na gaskiya, ba ta kuwa ce sai gwauruwar da mijinta ya mutu a cikin bangaskiya ɗaya da mai taimakon ba. Dattijon ikkilisiya da ya san aikin ofis yana iya raka mace Abuja ya bi mata takardun haƙƙin mijinta, ya hana a yi mata wayo. Zumuntar mata tana iya ɗaukar kuɗin makarantar yaro guda har ya gama, maimakon buhun shinkafa na Kirsimeti da hoto. Fasto yana iya zama da dangin miji kafin a raba kuɗi, tun da bayan an raba magana ba ta da amfani.

Iyalin da ya kai yara Karonmajigi zai yi kyau ya bar su su karanta sunayen da bakinsu, su lissafa shekarun da ke kan duwatsun, su ga nawa ne ba su kai talatin ba. A yi addu'a domin iyalan da aka bari, da sojojin da suke daji a wannan dare, da mutanen garuruwan da soja ya cuta, da masu ba da umarni. Da yamma mota za ta komo ta Giri da Gwagwalada. In aka tarar da shingen bincike a hanya, yaron da ya yini yana karanta sunaye zai dubi sojan da ya leƙo ta taga, saurayi ne da ƙura a gira, da sunansa a ɗinke a ƙirjin rigarsa. Mai yiwuwa ya karanta wannan sunan ma da ƙarfi kafin uwarsa ta hana shi.